Tsagar da Baffa Yake Yi wa Faifai

Kafin in ce komai, ya kamata in faɗa cewa ƙwaƙwalwata ba abin dogaro ba ce sosai. Wasu abubuwan da zan kawo nan na gan su da idona, wasu a gida na ji, wasu kuma na daɗe ina jin su har na kasa tantance ko ina wurin ko ba na nan. Inda nake shakka zan ce ina shakka. Na kuma san ba haka aka saba rubutu a kan mamaci ba, balle yayan mahaifi, shi ya sa na yi ta jinkiri. Amma na ga in na jera yabo zalla, mutanen da suka san shi za su karanta su ce wani ne daban ya mutu, shi kuwa a manta da shi ɗungurungum.

Baffa, yayan mahaifina, ya rasu a farkon daminar bana a gidansa da ke Gumel, bayan doguwar jinya. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa. Shekaru masu yawa shi ne mai ɗaukar bidiyo na wannan yanki. Biki, suna, saukar karatu, walimar dawowa daga Makka, tun daga Gumel har Maigatari da Gagarawa da ƙauyukan Sule Tankarkar, shi ake kira. Ya ɗauka da kyamara, ya buga a faifan sidi, ya kawo maka gida.

Jana'izarsa ta yi jama'a, ba zan rage masa wannan ba. Zaman makokin ne ya zo wani iri. Mutum zai shigo zaure ya durƙusa, ya yi gaisuwa, a shafa fatiha, sai maimakon ya tashi ya gyara zama, yana taɓa aljihu. Ban gane ba sai da wani tsohon direba daga Gagarawa Tasha ya matso kusa da ni.

"Malam, ya ƙarin haƙuri?"

"Alhamdu lillahi, Baba."

"Allah ya sa ya huta." Sai ya zaro faifai a cikin baƙar leda. "Wannan saukar karatun ɗana ce. Yaron ya riga mu gidan gaskiya. Yanzu in na saka, da an zo inda zai buɗe baki ya fara karatu, sai hoton ya daskare ya farfashe. An ce ku ne magada. Don Allah ku duba mana uwar faifan."

Uwar faifai ita ce asalin ɗaukar, wadda daga ita ake buga sauran. Na ce masa za a duba, ban san na yi alkawarin da ya fi ƙarfina ba. Kafin la'asar na ga irin wannan leda a hannun mutane da dama.

A cikin gida abin ya fi zafi. An ce Goggo, ƙanwar marigayin, ta roƙi mata su yafe masa in ya saɓa musu. Wata dattijuwa daga wajen Sule Tankarkar ta ce, "Na yafe masa duniya da lahira. Amma abin da na faɗa a gabansa shi zan maimaita: mutumin nan ba shi da tausayi, kuma mutuwarsa ba ta gyara mini faifaina ba." Goggo ta miƙe tana neman mayafinta, sai da aka rirriƙe ta. Ban ji wannan da kunnena ba, yayata ce ta ba ni labari, kuma takan ƙara gishiri.

Abin da ya jawo duk wannan shi ne tsaga. Bari in yi bayaninta gwargwadon fahimtata, domin ni malamin makaranta ne, ba masanin na'ura ba.

In Baffa zai buga faifai, yakan sa bikin da ya ɗauka a farko, sannan ya cike sauran filin da wani tarkace marar amfani da yake kira ciko, har zuwa bakin faifan. Bayan nan sai ya ɗora basilla a kan risho ta yi ja, ya yi wa faifan 'yar ƙaramar tsaga ta saman, kusa da baki, daidai inda cikon yake. Na'urar kallo ta gida bikin kawai take karantawa, ba ta kaiwa ga raunin. Amma injin kwafi, wanda dole ya haɗiye faifan duka kafin ya haifi wani, da ya isa tsagar sai ya sarƙe ya tofo shi. Wasu sun ce a Legas ya koyo, wasu sun ce a Kano. Shi dai bai taɓa faɗa ba.

Na taɓa ganinsa yana yi, ta kafar ƙofar shago. Tabarau a kan hanci, faifai a ɗage saitin haske, bakinsa na motsi da bisimilla kamar wanzamin da zai yi wa jariri zane. Ba ya barin kowa ya kama masa wannan aikin, har babban ɗansa.

Mu asalinmu mutanen ruga ne, har yanzu tsofaffinmu Fulatanci suke yi a tsakaninsu. An ce Baffa yana saurayi ɓarayi suka kore garken da yake kiwo, aka bi sawu har tsallaken iyaka ba a samu komai ba. Ban sani ba ko wannan ne ya mai da shi yadda ya zama, ina tsoron irin bayanin da yake zuwa da sauƙi haka. Abin da na tabbatar shi ne, aikinsa na farko da ya yi suna, wasan wani mai kukuma ne da ya ɗauka, kuma kafin ya gama rarraba nasa, an shimfiɗa na jabu a kan tabarmi a kasuwar Maigatari, ana loda su zuwa Nijar. Daga nan ya fara tsaga, kamar yadda kakanmu yake yanke kunnen ɗan maraƙi don a san na wane ne.

Yana da maganganu biyu da duk wanda ya zauna da shi ya haddace. Ɗaya ita ce, "Kowa ɓarawo ne, inji ne bai samu ba." Yakan faɗe ta a gaban liman, ya faɗe ta a gaban surukansa. Ɗayar kuma, "Gida ɗaya, faifai ɗaya." Ko ka ce za ka sayi biyu ba zai ba ka ba, don a lissafinsa na biyun na maƙwabci ne, maƙwabci kuma ƙofar kasuwa ce.

Da wayoyi masu kyamara suka shigo, sai ya ƙara tsanani. In yana ɗaukar biki ya hango wani ya ɗaga waya, sai ya sauke kyamara daga kafaɗa ya tsaya ƙiƙam. Makaɗa su yi ta kiɗa, amarya ta wuce, shi yana tsaye. Na ga wani abokin ango ya ce masa, "Haba Alhaji, 'yar wayata ce za ta kashe maka kasuwa?" Ya ce, "Ko ka mai da ita aljihu, ko ka ɗauki bikin duka da ita mu ga." Sai da uban ango ya zo da kansa ya karɓe wayar. Saboda haka a yawancin bukukuwan wancan zamani babu wani hoto mai motsi sai nasa.

Ga abin da yake yi mini nauyin faɗa. Tsagar ba ta hana ɓarayin komai ba. Cikin ɗan lokaci suka gane cewa ba sai sun sa faifan a injin kwafi ba. Sai su kunna shi a na'urar kallo, su ja waya zuwa wata na'urar, ta riƙa naɗar abin da ke fita. Hoton yakan ɗan dushe, amma mai saye a kan tabarma bai damu ba. Ina zaton Baffa ya san haka. Ba zan rantse ba, amma mutum mai zuwa Maigatari duk ranar kasuwa da wuya a ce bai gani ba. Duk da haka bai daina ba.

Waɗanda tsagar ta kama su ne masu bikin. Ƙyallin nan na saman faifai, wanda shi ne ke riƙe da hoto, siririyar fata ce. Inda basilla ta huda ta, nan zafi da laimar damina suke shiga, sai ta fara ɓarewa tana yin ciki a hankali. Shi kuwa faifai daga tsakiya ake karanta shi zuwa baki, wato farkon biki yana ciki, ƙarshensa yana waje. Don haka ciwon daga ƙarshe yake ci. Ya gama da ciko, ya shiga bikin ta baya. Bana kallo ya tsaya a nan, baɗi ya tsaya kafin nan. Kuma duk wanda ya san taronmu ya san abin da ya fi daraja a ƙarshe yake zuwa: addu'a, nasiha, karatun mai sauka.

Mu ma muna da namu. Bikin yayata ne, Baffa ya ɗauka. A ƙarshensa, kafin a tafi da ita, mahaifinmu ya zauna a zaure ya yi mata nasiha. Ba a jima sosai ba ya rasu a haɗarin mota a hanyar Gagarawa. In ban da hoton katin shaida, wannan 'yar nasihar ita ce kaɗai inda ake ganin fuskarsa, kuma ita ce kaɗai inda ake jin muryarsa.

Inna, mahaifiyata, takan kunna faifan in gida ya yi shiru. Ita ta fara lura. Wata shekara ta ce mini yana tsayawa kafin ya gama magana. Wata shekarar ta ce yanzu da ya yi gyaran murya shi ke nan. Na kai wa masu gyara a Kano, suka kwashe abin da ya rage, amma inda fatar ta ɓare babu abin kwashewa.

Tun tsagar tana cin ƙarshen nasihar Inna ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Tun da aka kawo ta gidanmu ba ta taɓa haɗa ido da yayan mijinta ba, in ya shigo tsakar gida ɗaki take shigewa. Ranar nan ta sa hijabi ta ce in raka ta shagonsa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta gaishe shi, ya amsa yana kallona.

Ta ce, "Yaya, faifan nan ya fara cin ƙarshensa."

Ya ce mini, "Faɗa wa uwarka ta daina ajiye shi kusa da randa."

"A cikin akwati yake, Yaya, a naɗe da zane. So nake a buga mini wani, marar tsaga."

"Faɗa mata na ba ta nata."

"Ƙanenka ne a ciki."

Nan ne ya ajiye abin da ke hannunsa. Har yanzu ni yake kallo. "Don ƙanena ne a ciki. Yau in ba ta marar tsaga, gobe maƙwabciya ta ara, jibi in je Maigatari in tarar da shi a kan tabarma ana sayar da shi kusa da takalman roba. Ba da ni ba."

Inna ta ce, "Gara in gan shi a kan tabarma da in rasa shi sau biyu."

Ya koma kan aikinsa. Ta juya muka tafi, kuma iya sanina ba su ƙara magana ba har ya mutu.

Adalci ya sa in faɗi wannan ma. Ranar haɗarin, shi ya je bakin titi ya ɗauko gawar mahaifina a jikinsa, shi ya yi masa wanka, bai bar kowa ya taya shi ba. Daga nan duk Juma'a sai mun tarar da ƙwaryar nono daga ruga a zaurenmu, ba sallama, ba saƙo. Ko bayan rigimar shago bai fasa ba. Inna ba ta sha, amma ba ta taɓa mayarwa ba. Na kuma ji cewa akwai marayu da talakawan da ya ɗaukar wa biki kyauta. Su ma sai da ya tsaga musu.

Bayan sadakar uku muka buɗe shagon, ni da Goggo da babban ɗansa. Na shiga da fatan duk masu ledar nan a kaina. Mun tarar da kwali cike da ƙananan kaset-kaset na kyamara, amma kowanne muka saka, ko wayam, ko aikinsa na baya-bayan nan. Kwamfutar ma babu komai. Ɗan nasa ya ce, kamar abin da kowa ya sani, "Ai da ya miƙa faifai yake shafe uwar. Cewa yake in ta kwana a shago wani zai sace." Ban sani ba ko ranar da Inna ta je uwar faifanmu tana nan ya hana, ko ya riga ya shafe ya ji nauyin faɗa. Na juya wannan tambayar ta kowace fuska, ban ga wadda take wanke shi ba.

Muna cikin wannan hali sai ga wani mutumin Damagaram ya zo gaisuwa. Wannan shi ne babban mai buga na jabu a Maigatari a wancan zamani, wanda Baffa ya taɓa kifar masa da tabarma a tsakiyar kasuwa, kuma bai taɓa kiransa da wani suna ba sai Ɓarawo. Ya tsufa, yana dogara sanda.

Babban ɗan Baffa ya ce, "Ka zo ka tabbatar ne?"

Mutumin Damagaram ya zauna abinsa, ya yi addu'a ya shafa, sannan ya amsa yana sako Faransancinsu na tsallake. "Bon, ɗana, faɗi abin da ke ranka, gado ka yi. Ni da ubanka mun yi faɗa har haƙoranmu suka zube. Ranar kasuwar da bai zo ya zage ni ba, sai in aika a dubo ko lafiya."

Wasu suka yi dariya suka haɗiye ta. Direban Gagarawa, wanda bai daina zuwa ba, ya ce, "To kai da ka sace, ka ajiye?"

"Wanda ya yi kasuwa na ajiye. Saukar karatu kam, gafarta, ba ta sayuwa, ban taɓa ɗauka ba. Inda aka yi kiɗa, wannan ina da shi."

Na ga fuskar direban ta sauya. Ni kuma sai na tuna cewa a bikin yayata mai kukuman nan ya yi wasa. Na jira mutumin Damagaram ya fito, na bi shi har inda adaidaita take jiransa, na tambaye shi.

Ya ce, "Wanda aka yi a bayan kara, kasuwar shanu? Ai ya yi kasuwa har Damagaram."

"Wa ya ba ka faifan?"

"Wannan sai a lahira, malam."

Da babban ɗan Baffa ya ji zan je Maigatari, ya ce in na taka shagon mutumin nan na taka kabarin ubansa. Na kwana biyu ina auna maganar, don ba ƙarya ce zalla ba. Na je dai. Har yau ɗan Baffa ba ya amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinsa gaba ɗaya ba.

Tsohon ya sa aka tura mini bikin a memori, ya ƙi karɓar komai. Ya ce bai tuna ko ya yanke ƙarshen ba, wani lokaci yakan bar na'ura tana naɗa ya tafi masallaci.

Da yamma muka kunna a ɗakin Inna, ni da ita da yayata da Goggo. Hoton ya dushe kamar ana kallo ta cikin labule, ga sunan shagon mutumin yana gudu a ƙasan allo ba tsayawa, wani lokaci ya hau har kan fuskokin mutane. Kiɗa ya ƙare. Hoton bai yanke ba. Sai ga zaurenmu, ga mahaifina ya shigo yana tattare babbar riga, ya zauna, ya yi gyaran murya. Inna ta kama hannun yayata.

Ya ci gaba. Ya ce ta riƙe salla, ta riƙe sirrin gidanta. Ya ce ta rage gishiri a miya, don surukarta ba irinsa ba ce da zai ci ya yi shiru, aka yi dariya. Sannan ya ce, "Ki riƙa leƙo uwarki. Ba ta iya cewa tana kewar mutum ba, sai dai ki ga ta..."

Sai wata murya daga bayan kyamara, kusa ƙwarai, ta fi tasa ƙarfi: "Kai, taƙaita mana, batir zai mutu."

Mahaifina ya ɗago ya yi murmushi, ya ce, "To, Yaya," ya ɗaga hannu aka shafa fatiha.

Baffa bai taɓa yarda a ɗauke shi ba. Duk shekarun nan yana bayan kyamara, kuma ban san wani wuri da muryarsa ta rage ba sai wannan, a kan kayan mutumin da ya fi tsana. Goggo ta rufe fuska da mayafi ta ce, "Mai da shi baya. Ka mai da shi in ƙara jin Yaya."

Inna ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ko a nan ma bai bar shi ya gama ba." Sannan ta ce, "Mai da shi."

Na mai da shi, na sake mayarwa, suna zaune kafaɗa da kafaɗa, ba wadda ta kalli 'yar'uwarta.

Iya abin da na sani ke nan, kuma mai yiwuwa na zalunce shi a wani wuri, ko na sassauta masa a inda bai kamata ba. Waɗanda suka zauna da shi tun kafin a haife ni, musamman mutanen ruga da abokan sana'arsa, in kun ga kuskure ku aiko mini ta hannun 'yan gidanmu, zan gyara a rubuce ba tare da musu ba. Ina kuma da roƙo na biyu, wanda na san da yana raye ba zai yafe mini shi ba. Duk wanda ya taɓa kwafar aikin Baffa a ɓoye, a Maigatari ne ko a tsallake, ya duba tsofaffin kayansa ya kawo, ba wanda zai tambaye shi yadda ya samu. Akwai wani direba a Gagarawa Tasha da yake neman saukar karatun ɗansa.